Don Allah Ku Daina Turo Min Screenshot Ɗin Termux

Jama'a, yau kam sai na faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Mutum zai buɗe Termux, ya yi pkg install, abu ya ƙi, sai ya turo min screenshot goma sha biyu ta inbox, wasu ma rabi, ya ce "Oga duba min." Haba ɗan'uwa! Ta yaya zan nemo layi ɗaya a cikin tulin hotuna? Kuma layin da ya jawo matsalar yawanci yana can sama, ya riga ya wuce. Termux layi 2000 kawai yake riƙewa idan ba ka canza saitinsa ba. Da ya haura haka, na farkon sun tafi kenan.

Ni ma na taɓa yin wannan wautar. An kawo min waya a shago tana kashe kanta tana kunnawa. Na haɗa ta da kwamfuta, na sa adb logcat, ina kallon rubutu yana gudu ban ajiye ba. Kuskuren ya bayyana ya wuce, ni kuma na rufe tagar. Mai waya ya zauna har magariba muna jiran ta sake yi.

Maganin bai kai minti ɗaya ba. Idan kana son ka ga rubutun kuma ya shiga fayil:

pkg install python 2>&1 | tee log.txt

Wannan 2>&1 ɗin shi ke sa saƙon kuskure ma ya shiga. Idan aikin mai tsawo ne, fara rubuta script log.txt, ka yi aikinka, in ka gama ka rubuta exit. Sannan ka bincika:

grep -i error log.txt

Duk layin da ke da kalmar error zai fito gabanka. Idan kuma ka manta ba ka ajiye ba, danna allon ka riƙe, zaɓi More, sai Share transcript, tun kafin ka rufe.

Na san wani zai ce ai screenshot ya fi sauƙi. Sauƙi gare ka, wahala ga wanda kake roƙo ya taimake ka kyauta.

Sai dai ka duba fayil ɗin kafin ka tura wa kowa, kada password ɗinka ya bi ciki.

Daga yau, wanda ya turo min log.txt shi zan fara amsawa.