Gwajin DNA na tsatson uwa: Amfaninsa da iyakarsa a darasin Kona

Idan Bahaushe zai ambaci makusancinsa sai ya ce ɗan'uwa, kalmar ɗan'uba kuwa ya ajiye ta ga abokin gasa. Duk da haka, idan aka zo lissafin asali, uwar da aka gina zumunci a kanta ita ake fara mantawa. Mutum zai jero kakanninsa maza har bakwai, amma da za a tambaye shi sunan kakar kakarsa ta wajen uwa sai ya yi shiru. Wannan giɓi ne kamfanonin gwajin DNA na ƙasashen waje suke alƙawarin cikewa, kuma masu hali a cikinmu sun fara aika yawunsu Amurka da Ingila domin neman amsa. Kafin abin ya zama yayi, ya kamata a auna shi da ma'auni na gaskiya, kuma da wuya a sami ma'aunin da ya fi tarihin Kona, garin Jukunawa da ke Ƙaramar Hukumar Jalingo a Jihar Taraba.

A ƙarshen shekarar 1892, Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya daɗe yana neman cin Kona, ya sami taimakon wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Louis Mizon, wanda ya hauro kogin Binuwai yana neman gindin zama ga ƙasarsa. Da igwar Mizon aka fasa garin, aka kwashe jama'a masu yawa zuwa bauta. A shekara ta gaba, 1893, sansanin yaƙin sarkin ya zama Jalingo. Matan da aka kama a irin wannan yaƙi sukan ƙare a gidajen da ba nasu ba, a sauya musu suna da harshe, su haifi 'ya'yan da za a danganta ga ubanninsu kaɗai. Kona ta rasa 'ya'yanta mata, su kuma zuriyarsu sun rasa sunan garin kakarsu. Ga al'ummar Jukun wannan rashi ne mai nauyi, domin C. K. Meek, a littafinsa A Sudanese Kingdom na 1931, ya bayyana irin girman matsayin da dangin uwa suke da shi a tsarin zamansu.

A nan ne kimiyya take da abin cewa. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu ƙananan sassa masu samar da kuzari da ake kira maitokondiriya, kuma suna da nasu DNA daban, mai haruffa 16,569 kacal, wanda aka fara karantawa gaba ɗaya a Kambirij a 1981. Ɗa namiji da 'ya mace duk daga uwa suke gadonsa, amma mace ce kaɗai take miƙa shi gaba. Ba ya cakuɗuwa da na uba, sauyinsa kuma a hankali yake. Saboda haka macen da aka raba da Kona a 1892, muddin ta bar 'ya mace, ita ma ta bar 'ya mace, alamarta tana nan a jikin wani ko wata yau, ko a Jalingo, ko a Yola, ko a wani ofishi a Abuja.

An jarraba wannan hanya a wasu ƙasashe ta yi aiki. A Ajantina, ƙungiyar kakanni mata ta Plaza de Mayo ta yi amfani da ita, da taimakon masaniyar kimiyya Mary-Claire King, wajen gano jikokin da aka sace a mulkin soja na 1976 zuwa 1983, har ƙasar ta kafa rumbun bayanan gado na ƙasa a 1987. A Ingila, ƙasusuwan da aka tono a birnin Lesta a 2012 an tabbatar a 2013 cewa na Sarki Richard na Uku ne, bayan an gwada su da zuriyar yayarsa ta tsatson mata. Abin lura a misalan biyu shi ne akwai tambaya takamaimiya tun kafin a shiga ɗakin gwaji: shin wannan da wancan tsatson uwarsu ɗaya ne? Akwai kuma shaidar baka ko ta takarda da ta nuna wanda za a gwada.

Abin da kamfanoni suke tallatawa ya sha bamban da wannan. Suna karɓar yawu su dawo da takarda mai cewa kakar mutum 'yar ƙabila kaza ce. Amma rukunan tsatson uwa da suka fi yawa a Afirka ta Yamma, waɗanda masana suke kira L1 da L2 da L3, sun girmi kowace ƙabila da ake da ita yau da dubban shekaru. Ana samun reshe ɗaya a jikin Bajukune da Bafulatani da Bamumuye da Bahaushe, domin aure da fatauci da ƙaura da yaƙi sun daɗe suna kai mata daga wannan al'umma zuwa waccan. Wani bincike da Bert Ely da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya gano cewa fiye da rabin baƙaƙen fatar Amurka da aka gwada sun dace da ƙabilun Afirka da dama a lokaci guda, waɗanda suka dace da ƙabila ɗaya tak kuwa ba su kai kashi goma cikin ɗari ba.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi. Mutum yana da iyaye biyu, kakanni huɗu, a hawa na biyar 32, a hawa na goma 1,024. Gwajin tsatson uwa mutum ɗaya yake bi a kowane hawa. Ko da sakamakon mutum biyu ya zo daidai harafi da harafi, kakar da ta haɗa su tana iya kasancewa ta rayu shekara ɗari da suka wuce, tana kuma iya kasancewa ta rayu ƙarni biyar baya. Gwajin ya fi ƙarfi wajen kore dangantaka: idan sakamako ya bambanta sosai, magana ta ƙare. Idan ya dace, ƙofa ce ta buɗe, sauran aiki na masu tarihi ne.

Wasu za su ce tonon silili ne, a bar kaza cikin gashinta. Damuwarsu tana da tushe. Yankin Kona ya ga tashin hankali a 2019, kuma har yanzu tabon bauta yana hana aure a wasu gidaje. A ƙasar da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma take buɗe ƙofar aikin gwamnati, ba abin mamaki ba ne wata rana a ga wani ya ɗauko sakamakon gwaji yana neman tsige abokin takararsa daga asalinsa. Sai dai shiru bai taɓa warkar da irin wannan ciwo ba, kuma haƙƙin mutum ne ya san sunan kakarsa. Abin da ya dace shi ne a kafa iyaka. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Ya kamata Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai ta Tarayya da ƙananan hukumomi su tsaya a kan cewa sakamakon gwajin asali ba hujja ba ce ta ba da takardar ɗan asali ko ta hana ta.

Iyaka ta biyu ta shafi sirri. Wanda ya ba da yawunsa ya ba da bayanin mahaifiyarsa da 'yan ɗakinsu da 'ya'yan innoninsa, alhali ba a nemi yardarsu ba. Kamfanin 23andMe na Amurka ya fuskanci kutse a 2023 wanda ya shafi bayanan mutum kusan miliyan 6.9, sannan ya shigar da takardar karayar arziki a Maris 2025. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan gado cikin rukunin masu tsananin sirri. Aikin hukumar da dokar ta kafa ne ta sa ido a kan masu karɓar samfuri a nan suna fitar da shi waje.

Aikin da ya fi gaggawa kuwa ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Tsofaffin da suka ji labarin 1892 daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, tare da fadar Kuru Kona da Masarautar Muri, za su iya naɗar bayanansu, a haɗa da takardun Lardin Muri da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Idan gida biyu suka sami labarin da ya haɗa su a kan mace ɗaya, kuma dukkansu suka yarda, a nan gwaji zai yi amfani. Waiwaye adon tafiya ne, amma mai waiwaye ya fara da tambayar gyatumarsa sunan mahaifiyarta da garin da ta fito, ya rubuta tun tana raye.