Kat-kat: motar daji da ta maƙale a gari

A Yamai ko Maradi, idan ana so a nuna cewa wane ya samu duniya, ba a dogon bayani, cewa ake "ai V8 yake hawa yanzu". Ranar da aka naɗa mutum wani babban muƙami, tambayar farko da ake yi a fada ita ce wace mota aka ba shi. Mu matasa ma haka burinmu ya koma: a samu porje, a samu kwangila, a hau kat-kat mai baƙin gilashi. To yau wannan motar za mu tattauna, mu ga inda ta fito, da aikin da aka ƙera ta don shi, da kuma wanda ke biyan kuɗin hawanta. Ra'ayina shi ne kat-kat kayan aiki ce da ƙasarmu ke matuƙar buƙata, amma mun ɗauke ta daga wurin aikinta mun maida ta rawanin sarauta.

Sunan kansa daga Faransanci ya zo, huɗu sau huɗu, wato injin yana tura ƙafafun motar duka huɗu, ba biyu kawai ba kamar ƙananan motoci. Asalinta kuwa yaƙi ne. A 1941 sojojin Amurka suka fara amfani da Jeep, ƴar ƙaramar mota marar ƙofa da ke ratsa taɓo da duwatsu, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare kamfanonin Willys da Ford sun ƙera sama da 600,000. A 1948 Ingila ta fito da Land Rover domin manoma, aka yi jikinta da alminiyo saboda ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙi. A 1951, lokacin yaƙin Koriya, Toyota ta ƙera tata a Japan, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Duk cikinsu ba wadda aka yi don ado. Kujerunsu masu tauri ne, ba sanyi, ba kiɗa.

Abin da ya bambanta ta da sauran motoci a fili yake. An ɗora jikinta a kan shasi mai kauri irin na kamyo. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, don kada dutse ko tudun rairayi ya taɓa shi. Tana da giya ta musamman da ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, da wani makulli da ke tilasta wa ƙafafu su juya tare idan ɗaya ta kafe. Wasu suna da bututun shaƙar iska da ke hawa ta gefen gilashi, saboda ƙura da ruwan kwari. Direbobin Agadas sun san sauran dabarun, kamar rage iskar taya kafin a shiga rairayi. Duk waɗannan kaya nauyi ne da su. Land Cruiser 200, wadda muke kira V8, ta haura tan biyu da rabi, ninki biyu ke nan na ƙaramar motar taksi. Abin dariya ma, tun 2021 da Toyota ta fito da samfurin 300 ta cire injin V8 daga cikinta ta sa mai silinda shida, amma mu har gobe V8 muke cewa, don sunan ya daina nufin inji, matsayi yake nufi.

Yankinmu yana da dogon tarihi da irin waɗannan motoci. A 1924 ayarin motocin Citroën masu sarƙa a ƙafafun baya ya keto Sahara, ya bi ta Yamai da Damagaram ya nufi Cadi. Tseren Paris-Dakar, da aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Agadas da Tenere. A 1987 sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya, har duniya ta kira shi Yaƙin Toyota. A yau ma, in ba kat-kat ba, wace mota za ta kai ka Bilma ko Dirku? Wace mota za ta kai allurar rigakafi ruga a arewacin Tanut, ko ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da damina bayan kwari ya cika? A ƙasa mai faɗin sama da murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wadda kashi biyu cikin uku nata hamada ne, duk wanda ya ce a hana kat-kat bai san Nijar ba.

To ta yaya motar soja da manomi ta zama motar zuwa ofis da ɗaurin aure? Labarin ya fi ƙarfi a Amurka. A 1975, bayan tsadar mai ta 1973, aka kafa doka da ke tilasta wa kamfanoni su rage shan man motocinsu. Sai dai an sassauta wa motocin aiki, irin na manoma da ƴan kwangila. Kamfanoni suka ga ƙofa a buɗe: suka ɗauki shasin motar aiki, suka sa masa kujerun fata da sanyi, suka sayar wa iyalai a birni, kuma ribar da ke cikin babbar mota ta fi ta ƙarama nesa ba kusa ba. Range Rover ta fito a 1970, Ford Explorer a 1990, Hummer, wadda asalinta motar yaƙi ce, ta shiga kasuwa a 1992. Talla ta yi sauran aikin. Ana nuna motar a kan tsauni ko cikin hamada, mai saye kuwa iyakar tafiyarsa daga gida zuwa kanti.

Yanzu abin ya game duniya. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce a 2023 kashi 48 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a duniya irin waɗannan dogayen motoci ne, manyansu da matsakaitansu. Adadinsu a kan hanya ya wuce miliyan 360, kuma hayaƙin carbon da suke fitarwa ya haura tan biliyan ɗaya a shekara. Hukumar ta ce da ƙasa ce su, da su ne na biyar a duniya wajen fitar da wannan hayaƙi da ke ɗumama yanayi. Dalilin ba wani boyayye ba ne: mota mai nauyi da faɗin gaba sai ta ƙona mai da yawa kafin ta motsa, kuma kowace lita ɗaya ta esansi tana sakin wajen kilo 2.3 na carbon, gazuwal ma ya ɗan fi haka.

Mu yi lissafin da kanmu. A ce V8 tana shan lita 15 a kilomita 100, wanda a cunkoson gari da sanyi a kunne ba ta tsayawa nan ma, kuma tana yin kilomita 20,000 a shekara. Lita 3,000 ke nan, wato kusan tan 7 na carbon. Ɗan Nijar ɗaya, idan aka raba abin da ƙasar ke fitarwa ta hanyar ƙona mai da gawayin ƙasa, bai wuce wajen kilo 100 a shekara ba. Ke nan mota ɗaya ta yi hayaƙin mutum kusan 70. Gaskiya ne laifin Nijar a ɗumamar duniya bai taka kara ya karya ba, kuma manyan masu laifin suna can ƙetare. Amma mu ne a sahun gaba wajen shan wahalarta. Ambaliyar 2024 ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a ƙasar nan, Maradi ta ji jiki, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da wane baki za mu je taron duniya mu nemi diyya, alhali a gida muna kwaikwayon ɓarnar da muke kuka da ita?

Ga kuma lissafin aljihu. Tankin V8 yana cin lita 93, wasu masu tanki biyu har 138. A farashin sefa 499 da aka tsayar wa litar esansi a 2024, cika ƙaramin tankin sau ɗaya ya haura jika 46. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. In motar ta mutum ce da guminsa, to shi ya jiyo. In kuwa ta hukuma ce, wannan man daga baitulmali yake fitowa, wato daga harajin mai tebur da ɗan kabu-kabu.

A daji ma, inda motar ke da amfani, ba ta rasa illa. Ƙasar hamada tana da wani siririn ɓawo a samanta da ke riƙe ƙura. Taya mai nauyi tana fasa shi, iska ta kwashe abin da ke ƙasa. Wani masanin ƙasa na jami'ar Oxford, Andrew Goudie, ya ja hankalin duniya a kan wannan tun 2004, inda ya danganta wani ɓangare na ƙaruwar ƙurar Sahara da yawan motocin Toyota da suka maye gurbin raƙuma. Sawun taya a hamada ba ya gogewa da wuri, har yau ana ganin na motocin Yaƙin Duniya na Biyu a wasu wurare na Libiya da Masar. Namun daji kuwa sun fi kowa shan wuya. Da can barewa tana tsere wa mafarauci a kan doki ko raƙumi. Mota ba ta gajiya, ana bin dabba har ta faɗi. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji gaba ɗaya, sai a 2016 aka fara maido da shi Cadi daga gidajen kiwo. Jimina ta ɓace daga Ayar. A 2016 masu ƙidaya suka zagaya yankin Termit da Tin Tumma suna neman barewar hamada da ake kira addax, guda uku kacal suka gani. Farauta da mota da bindiga na cikin manyan dalilan.

A cikin gari, haɗarinta a kan masu tafiya a ƙasa yake. Ƙaramar mota takan bugi mutum a ƙafa ya faɗo kan bonet, doguwa kuwa a ƙirji take dukansa, yaro kuma a kai. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano a 2023 cewa motar da tsayin gabanta ya wuce mita ɗaya ta fi gajeruwa yiwuwar kashe wanda ta buge da kusan kashi 45 cikin ɗari. Can da suke da gefen hanya na masu tafiya ke nan. Ku tuna titunanmu, inda ƴan makaranta da masu talla da amalanke da almajirai duk a kan kwalta ɗaya suke. Sannan yawancin kat-kat ɗin da ɗaiɗaikun mutane ke saye tsofaffi ne da Turai ta gama da su. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga 2015 zuwa 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, da yawansu kuma ba su cika ƙa'idar hayaƙi ba. Wannan baƙin hayaƙi a huhun mai tuyar ƙosai a bakin titi yake sauka.

Na san abin da za a ce: hanyoyinmu ba su da kyau, dole babba ya hau mota mai ƙarfi. A nan ne ma nake ganin babbar ɓarnar take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke da ikon sa a gyara hanya, idan yana cikin motar da ke haɗiye rami ba ya jin komai, gilashi a rufe, ƙura ba ta shigo masa, yaushe gyaran zai zame masa na gaggawa? Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas a motar haya ya san abin da ƙugunsa ya gaya masa. Wanda ya bi ta a V8 wata hanya dabam ya bi. Kuɗin da ya kamata ya magance matsalar kowa sai ya tafi wajen saya wa mutum ɗaya hanyar kauce mata.

Wasu sun gwada wani abu dabam. Thomas Sankara ya sayar da motocin Mercedes na gwamnatin Burkina, ya sa ministoci hawa ƴar ƙaramar Renault 5. A watan Fabrairu na 2024 mazauna birnin Paris suka kaɗa ƙuri'a aka ninka kuɗin ajiye manyan motoci sau uku. Mu ma muna da abin da za mu nema. Duk kat-kat da za a saya da kuɗin jama'a, a faɗi aikin da za ta yi da yankin da za ta yi shi. Asibitocin karkara, da jami'an gandun daji, da masu kula da makarantun ƙauye, da jami'an tsaro su ne a gaba. Wanda aikinsa bai wuce daga gida zuwa ofis a kan kwalta ba, ƙaramar mota ta ishe shi, in tafiyar daji ta taso ya karɓi ta ma'aikata ya maido. Ƙungiyoyin agaji da ke mana wa'azin canjin yanayi su ma su duba jerin motocin da suke ajiyewa a ƙofar otel ranar taro. Kuɗin duwan da na lasisi su bi nauyin mota da girman injinta. A wuraren da aka keɓe wa namun daji, a tsaya a kan sawun da aka sani.

Saura namu, mu matasa. Mu ne masu tafi idan ta wuce, mu ne masu ɗaukar hoto a jikinta mu sa a Facebook. Muddin muna auna mutum da tsayin motarsa, duk wanda ya hau kujera ita zai fara nema. Ku faɗa mana daga garuruwanku: asibitin da ya fi kusa da ƙauyenku yana da motar ɗaukar marar lafiya mai aiki? Kuma kat-kat nawa kuka ƙirga yau a ƙofar ofisoshin cikin gari?