Sharhi: Ko ya dace a hana ababen hawa shiga dausayin Dagona domin kare tsuntsaye?

Da zarar ruwan kogin Yobe ya fara janyewa bayan kaka, fadamun da ke tsakanin Gashuwa da Nguru sukan tsane, hanyoyin da ambaliya ta rufe tun damina su sake buɗewa. Daga nan sai babura da a-kori-kura da taraktoci su dinga ratsa gaɓar ruwa, wasu ɗauke da kifi, wasu da buhunan shinkafa, wasu kuma da itace ko kaba. Wani ɓangare na wannan kaya yakan bi hanyar Gashuwa zuwa Jakusko ya sauka a Potiskum, garin da ya yi suna wajen harkar tireloli da kuma kasuwar shanu ta ranar Laraba, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma.

Sai dai gaɓar da direba ke kallo a matsayin yanke, ga wasu tsuntsaye nan ce mahaifa. Wannan ne ya sa ya kamata a yi wa kai tambayar da ƙasashe da dama suka riga suka yi game da gaɓar tekunsu: shin ya dace a hana ababen hawa shiga wuraren da tsuntsaye ke yin ƙwai? Yobe ba ta da teku, amma tana da abin da ya yi kama da shi ta wannan fuska, wato tafkin Dagona a Ƙaramar Hukumar Bade da dausayin da ke kewaye da shi.

Darajar wurin ba ɓoyayya ba ce. Dagona na cikin sashen Bade-Nguru na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, Dagona ya biyo baya a 2008, sannan a 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Hadejia-Nguru-Bade a matsayin keɓantaccen muhallin halittu.

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a bambance tsuntsayen da ake magana a kansu, domin kashi biyu ne. Na farko baƙi ne da ke tasowa daga Turai da Asiya, su tsallake hamadar Sahara, su yi hunturu a nan. Waɗannan ba sa yin ƙwai a Yobe. Abinci da hutu suke nema domin su tara ƙarfin komawa. Illar mota a gare su ita ce firgitarwa: duk tashin da suka yi, sun ƙona ƙarfin da suke tarawa don doguwar tafiya.

Kashi na biyu su ne 'yan gida. Dinya da kirinjijiya sukan yi sheƙa cikin ciyawa da damina, haka ma gauraka, wanda ya yi ƙaranci matuƙa a Najeriya. A wannan lokaci ruwa da laka sukan tsare musu hanya, don haka mota ba ta cika isa gare su ba. Wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne irin zakaran ƙeƙuwa, wanda ke ɗan tona rami a tsandaurin ƙasa kusa da ruwa ya zuba ƙwai biyu zuwa huɗu, masu launin ƙasar da suke kai. Yakan fara ne daga ƙarshen rani, daidai lokacin da gaɓa ta bushe kuma zirga-zirga ta yi yawa. Direba ba zai ga ƙwan ba ko da yana so. Ko taya ba ta taka ba, idan ƙara ta kori uwar daga kwanci a zafin bazara, inda ma'aunin zafi kan haura 40, rana ko hankaka na iya gamawa da ƙwan kafin ta dawo.

Ƙasashen da suka riga mu fuskantar wannan matsala sun bi hanyoyi biyu. Afirka ta Kudu ta haramta shiga gaɓar teku da mota don shaƙatawa a ƙarshen 2001, tare da ba da izini na musamman ga masu buƙata ta haƙiƙa, kuma masu bincike sun lura cewa hayayyafar wasu tsuntsayen gaɓa ta inganta daga baya. A Amurka kuwa, a gaɓar Cape Hatteras ta jihar North Carolina, sai da aka je kotu kafin a samar da ƙa'idar 2012, wadda ta tanadi takardar izini, da keɓantattun hanyoyi, da rufe wasu sassa a lokacin da tsuntsaye da kunkurun teku ke yin ƙwai. Duk da haka masunta da 'yan kasuwar yankin sun koka, har majalisar dokokin ƙasar ta ba da umarni a 2014 a sake duba ƙa'idar.

Akwai bambanci babba tsakanin can da nan. Mafi yawan masu tuƙi a gaɓar tekun waɗancan ƙasashe nishaɗi ya kai su. Wanda ya shiga fadamar Bade da babur kuwa abinci yake nema. Kifi ba ya jira. Idan bai bar bakin ruwa da wuri ba, asara ce ga masunci da dillali da mai saye a Potiskum. Makiyayin da shanunsa za su kai kara ranar Laraba, a fadamar nan suka yi rani. Dokar da za ta rufe ƙofa baki ɗaya za ta faɗa ne a kan talaka, kuma dokar da jama'a suka ɗauka zalunci ce ba ta daɗewa. Ƙari a kan haka, manomin da jan-baki ya cinye wa gero ba zai saurari batun kare tsuntsaye cikin sauƙi ba, sai an nuna masa cewa ba wannan tsuntsun ake nufi ba.

Haka kuma bai kamata a ɗora wa mota laifin da ya fi ƙarfinta ba. Babbar barazanar dausayin ita ce sauyin tafiyar ruwa tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da ciyawar kacala da ta toshe magudanai, da sare itatuwa, da farauta. Ko an kori kowace taya daga Dagona, idan ruwa bai iso a kan lokaci ba, tsuntsaye ba za su zauna ba. Amma mota na da hannu ta wata fuska: ita ke sauƙaƙa fitar da itace da yawa, ita ke kai mafarauci lungun da a da ƙafa ba ta kaiwa.

Saboda haka mafita tana tsakiya. A cikin iyakar gandun, doka ta riga ta hana shiga ba da izini ba. Abin da ya rage shi ne a wadata jami'an Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa da ma'aikata da kayan aiki. A wajen iyakar kuwa, inda jama'a ke noma da su da kiwo, abin da ya fi dacewa shi ne a shata hanyoyi ƙalilan da kowa zai bi, a kafa alamu, a ware wuraren lodi nesa da bakin ruwa, sannan a rufe takamaiman gaɓoɓi na 'yan makonni a lokacin kwanci. Kwancin zakaran ƙeƙuwa bai kai wata guda ba, don haka sadaukarwar ba mai tsanani ba ce.

Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun kaka da kakanni sarakunan ruwa ke hana su a wasu tafkuna har zuwa ranar da za a buɗe, jama'a kuma suna bi domin sun ga amfaninsa. Idan Masarautar Bade da lawanai da bulamai suka zauna da jami'an gandun, da ƙungiyoyin masunta da makiyaya, da shugabannin direbobi na Gashuwa da Nguru da Potiskum, za a iya fitar da jadawalin da kowa ya san ranar rufewa da ranar buɗewa. Ranar Dausayi ta Duniya, 2 ga Fabrairu, tana zuwa ne gab da fara kwancin, kuma ita ce ranar da ta fi dacewa Gwamnatin Yobe ta riƙa sanar da wannan jadawali a kowace shekara.