Araha ba ta ado: magana kan motocin tsere da matasanmu ke kwasowa



Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin matasanmu, kuma mun ga bai kamata mu yi shiru ba. Yaro zai kwashe shekara biyu ko uku yana tara kuɗi a canji ko sayar da waya ko harkar gwari a Mile 12, ranar da ya kwashi adashe sai ya zarce Berger ya ɗauko mota mai ƙofa biyu, ja wur, mai ƙarar salansa, don kawai an ce masa ta fi Corolla araha. Bayan wata uku motar tana gareji an rufe ta da tamfol, shi kuma yana neman rance daga asusun tallafin ƙungiya.

Mu fara da tambayar da ba a son yi: me ya sa motar da aka ƙera don masu hali ta dawo ƙasa da kuɗin Corolla? Mai ita na farko ya lissafa kuɗin gyara, ya ga ya fi ƙarfin darajarta, shi ya sa ya rabu da ita. Da yawa cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka a kasuwar gwanjon kamfanonin inshora ake sayensu, bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su. Ana yi musu kwaskwarima da fenti, su iso nan suna sheƙi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ɗauki misalin Mazda RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012. Injinta ba shi da fistin irin na sauran motoci, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. Tun daga masana'anta an yi shi yana ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan, kuma idan ƙarafan da ke toshe kusurwoyin suka cinye, sai ƙarfin injin ya zube, ta riƙa ƙin tashi idan ta yi zafi. Maganin wannan shi ne a sauke injin gaba ɗaya. Bakanike nawa ne a Agege ko Idi-Araba ya taɓa buɗe irinsa? Waɗanda muke da su sun ƙware ne a Toyota da Honda.

Za a ce mana ai babu abin da babu a Ladipo. Ladipo na cike ne da kayan motocin da suka yi yawa a titi. Na motar da ba kowa ke hawa ba sai an yi oda, da dala, a jira makonni. Za a kuma ce kuɗinsa ne, sha'awarsa ce. Gaskiya ne, ba mu hana kowa jin daɗin guminsa ba. Amma idan jari ya narke, iyayen da ke jiran aike a Kano ko Sakkwato su ma sun shiga ciki, kuma ƙungiya ce ake kawo wa kuka. Ga fetur, wanda tun cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda yake. Ga motar cikinta na kusan taɓa ƙasa, a garin da ruwan damina ke mamaye titi.

Wanda duk da haka ya nace, to ba a cinikin biri a sama. Ya je da bakanikensa, kada ya yarda da wanda dillali ya kawo. A tayar da motar da safe injin na sanyi, a yi tafiya mai nisa da ita har da cunkoso, a kashe, a sake tayarwa tana da zafi. A sa na'urar kwamfuta ta karanto matsalolinta, a auna ƙarfin matsin injin. A buɗe murfin baƙin mai: idan an ga kumfa mai kalar madara, akwai yiwuwar ruwa na shiga inji. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta cin baƙin mai. A ɗaga kafet a duba laka da tsatsa da warin danshi. A ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a bincika tarihin motar a intanet, sannan a tabbatar da takardun kwastan kafin a biya ko sisi. Mai motar da ya hana a yi wannan ya riga ya ba ka amsa.

Sai ku 'yan uwanmu dillalai. Kalmar nan ta "ɗan ƙaramin gyara ne" ta cinye jarin mutane da yawa. In ƙarami ne, me ya hana ku gyara kafin ku sayar? Addininmu ya haramta ɓoye aibin haja, kuma ya ba mai saye damar mayar da ita idan aibin ya bayyana. La'adar da aka ci ta hanyar rufe ɗan uwa ba ta da albarka.

Muna roƙon iyaye da iyayen gida a kasuwanni su zaunar da yaransu kafin kuɗi ya fita daga hannu. Duk wanda ke shirin sayen mota ya tuntuɓi shugabannin ƙungiya a haɗa shi da bakanike mai amana daga cikin membobinmu. Allah ya sa albarka a nemanmu.

Sakataren ƙungiya