Gudun Ilmin Sarrafa Bayanai: Darasi Daga Jami'o'in Amurka

Akwai wani al'amari da ya faru a jami'o'in Amurka wanda ya kamata kowane uba da kowane ɗalibi ya tsaya ya yi nazari a kansa. Al'amarin kuwa shi ne yadda ɗalibai suka juya wa ilmin tsarin sarrafa bayanai baya, wato fannin da ke koyar da yadda ake amfani da kwamfuta wajen tafiyar da banki, ko asibiti, ko ma'aikata.

A ƙarshen shekarun 1990 ɗalibai sun yi ta tururuwa zuwa wannan fanni, domin kamfanonin intanet suna ta bunƙasa. Kwatsam sai kasuwar hannun jari ta Nasdaq, wadda ta kai ƙololuwa a watan Maris na 2000, ta rikito, har ta yi asarar fiye da kashi 75 cikin ɗari na darajarta zuwa Oktoban 2002. Kamfanoni suka rushe, aka sallami ma'aikata, aka kuma riƙa kai wasu ayyukan birnin Bangalo na Indiya saboda arha. A 2003 Nicholas Carr ya rubuta a mujallar Harvard Business Review cewa fasahar bayanai ta zama kamar wutar lantarki, ba ta ƙara fifita wani kamfani a kan wani. Ganin haka iyaye suka tsorata, azuzuwa suka bushe. A fannin kimiyyar kwamfuta, ɗan'uwan wannan fanni, sababbin ɗalibai sun ragu da kusan rabi tsakanin 2000 da 2007.

To, amma ina aka kwana? Alal haƙiƙa bankuna da asibitoci ba su daina buƙatar masu kula da bayanansu ba. Da kasuwa ta farfaɗo sai aka shiga neman ƙwararru ruwa a jallo, alhali kuwa digiri shekara huɗu yake ci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya gudu saboda labarin jarida, shi ne ya yi cizon yatsa.

Babu shakka jami'o'in ma suna da nasu laifin. Masu ɗaukar aiki sun daɗe suna kukan cewa ana yaye musu matasa da suka haddace yaren kwamfuta, amma ba su iya zama da akawu ko likita su fahimci matsalarsa ba, ba su iya rubuta rahoto mai ma'ana ba, ba su saba aiki cikin jama'a ba. Abin da ake nema shi ne mutum mai sanin na'ura da sanin harkar da na'urar za ta yi wa hidima, wanda kuma za a iya damƙa wa asirin mutane ya riƙe amana. Shi ya sa manhajar da ƙungiyoyin ACM da AIS suka fitar a 2010 ta ba wannan ɓangare muhimmanci.

Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, da sallamar ma'aikata 12,000 da Google ya sanar a Janairun 2023, tsoron nan ya sake kunno kai. Nasiharmu ita ce kada uba ya zaɓa wa ɗansa fanni, ko ya hana shi, bisa hayaniyar kasuwar shekara guda. A duba ko yaron yana da sha'awa da juriya, a kuma tabbatar makarantar tana koya masa tunani da magana da rubutu tare da na'ura. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.