Darussan intanet da ɗalibai masu buƙata ta musamman: Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2020 da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ƙasashe da dama na wannan yanki sun mayar da darasi gidajen rediyo da talabijin. Mu ma'aikatan rediyo mun san iyakar wannan dabara, domin kurma ba ya jin abin da muke faɗa, makaho kuma ba ya ganin allon talabijin. Tun daga lokacin ake ta cewa intanet ce mafita, to amma abin tambaya shi ne, mafita ga wane yaro?

Gaskiya ne akwai kayan karatu jibge a intanet. A shekarar 2013 aka ƙulla yarjejeniyar Marakesh a ƙasar Maroko, wadda ta fara aiki a 2016. Ita ce ta ba ƙungiyoyi da ɗakunan karatu da aka amince da su damar mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ba tare da neman izinin mai littafin ba, su kuma aika shi wata ƙasa. Mali ta amince da ita a 2014, Najeriya a 2017, Ghana kuma a 2018. Bugu da ƙari, akwai manhajar NVDA da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka ƙirƙiro, wadda ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, kuma kyauta ake sauke ta.

Sai dai kafin wannan gara ta iso hannun yaro a Tawa ko Damagaram, akwai shingaye uku. Na farko wuta: a nan Nijar kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, balle a yi maganar kuɗin sayen data. Na biyu malami: in bai taɓa koyon rubutun makafi ko aiki da manhajar ba, to ko an ba shi kwamfuta ƙura za ta ci a ofishin shugaban makaranta.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne harshe. Akasarin littattafan da ake samu cikin Turanci da Faransanci suke. Yaro mai gani yana iya haɗa hoto da kalma har ya gane, amma makaho kunne kaɗai ya dogara da shi, ga shi ana yi masa karatu da harshen da ba a yi a gidansu. Kurame ma haka abin yake. Tun da Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, alamun hannu na Amurka suka bazu a makarantun kurame da dama na Afirka ta Yamma, alhali kuraman ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu da suke cin kasuwa da ita.

A shekarar 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma tun 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashe na 24 nata ya tanadi ilimi ga kowane yaro. Ke nan babu sauran uzuri.

Abin da muke ba da shawara ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Ma'aikatar ilimi ta sa a naɗi littattafan firamare da murya cikin Hausa da sauran harsunanmu, a ɗauki darussan kurame a bidiyo, a zuba su a ƙaramin katin waya wanda ke aiki ko babu intanet. Gidajen rediyon karkara suna da ɗakin naɗar murya da masu iya karatu. A kuma sanya ƙungiyoyin makafi da na kurame cikin aikin tun daga farko, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo. In ba haka ba, yaran da aka ce an buɗe wa ƙofa za su ci gaba da komawa bara a bakin tasha. Allah Ya kiyaye.