Ruwan da Ke Ɓoye a Cikin Masa

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Wambai a birnin Bauchi da safe zai tarar da mutane suna karya kumallo da masa da shayi. Ba kowa ne ke tunanin yawan ruwan da aka kashe kafin abincin ya iso gabansa ba. Masana sun ƙiyasta cewa noman kilo ɗaya na shinkafa yana cin kimanin lita 2,500 na ruwa, wato jarka 100 mai lita 25. Kilo ɗaya na naman shanu kuwa yana cin kusan lita 15,000. Hukumar Abinci da Noma ta Duniya ta ce noma ne ke kwashe kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da rijiyoyi.

A ganinmu, sanin inda ruwan ya fito ya fi sanin yawansa muhimmanci. Gero da dawa ruwan sama suke sha. Shinkafar rani kuwa daga kogi ko madatsa ko rijiyar fadama take sha, ruwan da makiyayi da masunci da mai girki ke jira. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Mutanen Bauchi da suka dogara da madatsar Gubi don ruwan sha ya kamata su ɗauki darasi.

Ba cewa muke a daina noman rani ba, cewa muke a daina ɓarna. Manomin shinkafa ya daidaita kwaminsa, ya toshe yoyon magudana. Ya kafa bututu mai huji a gona, kada ya sake ban ruwa sai ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, amma lokacin fure kada ya bari kwami ya bushe. Wannan dabara tana rage ruwa da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, ta kuma rage kuɗin fetur.

Malaman gona su nuna wannan a gonakin gwaji, domin gani ya kori ji. Su kuma tunatar da jama'a cewa tumatirin da ya ruɓe a kwando da tuwon da aka zubar, ruwan fadama ne aka zubar.